Jirgi zai tsaya a Kazaure, amma wa ya auna hanyar Gwiwa?

A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Layin zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar. Ga mutanen Kazaure wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun da dogo ya iso Kano a 1911 bai taɓa ratsa ƙasarsu ba, kuma reshen Nguru da aka gama a 1930 ta Ringim ya bi ya nausa gabas. Sai dai jirgi a tasha yake tsayawa, ba ya zuwa bakin gona. Manomin Korayel a Gwiwa, ko na Amaryawa a Roni, ko na Kanya Babba a Babura, sai ya fara kai buhun riɗinsa bakin kwalta, daga nan a ɗora wa mota zuwa tashar jirgi, a sauke, a sake lodi, a biya 'yan dako sau biyu ko uku. Nawa wannan zai ci? Shin zai fi masa sauƙi a kan ya bar wa dillali ya ɗora a babbar mota kai tsaye zuwa kasuwar Dawanau? Wace hanya ce take yankewa idan damina ta yi nisa, kuma kwana nawa take yi a yanke? Tambayoyi ne da ake amsawa da ƙidaya da awo da zama a tasha, kuma waɗanda ya kamata su amsa su ɗalibanmu ne masu digiri na biyu da na uku.

Ra'ayina shi ne Gwamnatin Jigawa da manyan makarantun da ke wannan yanki su riƙa tura irin waɗannan ɗalibai ƙasashen waje na ɗan taƙaitaccen lokaci, wata uku zuwa shida, su je su koyi yadda ake nazarin sufuri, su dawo su ƙarasa digirinsu a gida. Ba tafiyar shekara uku ko huɗu nake nufi ba, kuma ba zaman gida ba tare da leƙa ko'ina ba. Amma da sharaɗi, wanda idan babu shi gara a bar kuɗin a aljihun gwamnati: ɗalibi ya tafi da tambayar da ta fito daga hanyoyinmu da alƙaluman da ya tattara da ƙafarsa, ya dawo da amsa ya miƙa wa waɗanda abin ya shafa.

Tarihin dogon Kano kansa ya isa ya sa mu yi hattara da zaton cewa mun san abin da sabuwar hanya za ta haifar. Turawan mulkin mallaka da masu masaƙun Ingila sun sa ran auduga jirgin zai riƙa kwasowa daga Arewa, har ƙungiyarsu ta masu noman auduga ta kafa injinan gurza tana jira. Da jirgi ya fara aiki a 1912, sai manoman Kano da fatake Hausawa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta hana noman abinci, kuma idan yunwa ta zo ana iya cin ta. Cikin ɗan lokaci tashar Kano ta cika da buhunan gyaɗa har jirgi ya kasa kwashewa. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1978 kan fitar da gyaɗar Najeriya. Masu zana layin sun ƙware a aikin ƙarfe da ƙasa, amma ba su san lissafin da ke zuciyar manomi ba. Yau ma injiniyan da ke aiki tsakanin Dambatta da Kazaure ya san nauyin da gada za ta ɗauka, amma ba aikinsa ba ne ya san ko mai shanu daga Babura zai bar hanyar da ya saba ya kawo dabbobinsa tasha. Kuma lokacin auna wannan yanzu ne, domin wanda bai rubuta kuɗin mota da farashin hatsi da yawan zirga-zirga kafin jirgi ya fara gudu ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi bayan ya fara.

Ba za a ce ba a horar da kowa ba. Tun 1986 akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa a Zariya, wadda aka fi sani da NITT. Daga 2018 kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ɗaliban Najeriya suka je jami'o'in biranen Changsha da Xi'an suka karanta injiniyancin layin dogo, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta yi yarjejeniya da wata jami'a a Changsha inda ɗalibi ke yin shekara uku a Samaru da biyu a can. Kamfanin ne kuma ya gina Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga ta nan a maƙwabta. A cikin yankin kansa akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da cibiyar fasahar sadarwa ta jiha da aka kafa a garin zamanin Gwamna Saminu Turaki, sannan ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ba kowane lungu na Arewa ne ya tara irin waɗannan makarantu kusa da juna ba. Amma mafi yawan horon da aka tura yara waje su samo na gina hanya ne da kula da inji. Ɗaya ɓangaren, wato sanin wa ke tafiya, ina za shi, me ya ɗauko, nawa ya biya, wa kuma ya fasa tafiyar saboda tsada, shi ne muka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ke nuna inda ya kamata a zuba kwalta da inda burji mai kyau da kwalbati biyu za su wadatar.

Aikin ba mai ƙyalƙyali ba ne. Ɗalibi ne zai yi sammako ya isa tashar mota a Kazaure kafin motar farko ta cika, ya gaishe da shugabannin ƙungiyar direbobi, ya nemi izini, ya zauna kusa da ɗan kamasho yana rubuta lokacin da aka fara lodi da lokacin da mota ta tashi, mutum nawa aka cusa a gaba, buhu nawa aka ɗaure a but har murfin ya ƙi rufuwa, nawa aka karɓa a kan kowane buhu. Zai hau bayan ɗan acaɓa ya bi hanyar ƙauye da waya a aljihu tana zana inda suka bi, ya lura da inda babur ke nutsewa a yashin Babura har sai fasinja ya sauka ya taka, da inda ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Roni ya cinye gefen hanya. Zai ƙirga amalanken shanu da kurkura da akori-kura da ke shiga kasuwa ranar da take ci, ya koma ranar da ba ta ci ya sake ƙirgawa, ya yi haka da rani ya yi da damina. Zai tambayi direba shinge nawa yake tsayawa tsakanin iyaka da Kano da abin da yake ajiyewa a kowanne, kuma sai direban ya yarda da shi kafin ya faɗa masa gaskiya. Babu baƙon da zai iya wannan kamar ɗan gida. Abin da ɗan gida ke buƙata daga waje shi ne sanin yadda ake juya wannan tarin rubutu ya zama hujjar da kwamishinan ayyuka ba zai iya ture ta ba.

A nan tafiya take da amfani, domin wasu sun riga mu yin irin wannan aiki a wurare masu kama da namu. A Nairobi, tsakanin 2013 da 2014, ɗaliban Jami'ar Nairobi tare da masana daga jami'ar Columbia da ta MIT a Amurka suka riƙa hawa motocin haya na birnin da wayoyi a hannu, suka fitar da taswirar hanyoyin da motocin ke bi da inda suke tsayawa, abin da hukumar birnin ba ta da shi a da, har daga baya Google ya sa ta cikin taswirarsa. A gundumar Makete ta Tanzaniya, binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa mafi yawan lokacin da iyalin ƙauye ke ɓatawa a tafiya ba a kan titi ba ne, a ƙafa ne cikin ƙauye da kewayensa, zuwa ɗebo ruwa da itace da kai niƙa, kuma mata ne ke ɗauke da mafi yawan kayan. Wannan ya sa masu aikin suka karkata ga gyaran turba da samar da jakuna da kusanto da injin niƙa, maimakon su zuba komai a titi guda. A Indiya kuwa, inda gwamnati ta fara gagarumin shirin titunan karkara a shekarar 2000, masana tattalin arziki biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun wallafa bincike a 2020 da ya nuna cewa shekaru kaɗan bayan titi ya isa ƙauye, babban abin da ya sauya shi ne mutane sun bar gona sun fita neman aikin lada, amma noma da dukiyar gida ba su ƙaru yadda aka zata ba. Mai son a yi wa kowane ƙauye kwalta ba zai ji daɗin wannan sakamako ba, amma yankin da samarinsa ke tafiya cin rani kowace shekara ya kamata ya san shi, ya kuma gwada ko haka abin yake a nan. Hanyoyin da aka bi aka gano waɗannan abubuwa ana koyon su ne a wurin waɗanda suka yi su.

Me ya sa sai gajeriyar tafiya? Dalili na farko kuɗi ne. A watan Mayun 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, cikin 2024 ta haura 1,500. Ɗalibin da aka tura digiri na uku na shekara uku ko huɗu a Ingila, kuɗin makarantarsa kaɗai zai ɗauki nauyin gajerun tafiye-tafiye na mutane da yawa. Dalili na biyu shi ne dawowa. A 2023 shugaban asusun TETFund, Sonny Echono, ya shaida wa kwamitin majalisar wakilai cewa aƙalla malamai 137 da asusun ya tura karatu waje sun ƙi dawowa, kuma daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai yin cikakken digiri a waje, yana kafa hujja da tsada da kuma gudun. A shekarar 2025 ɗin ce kuma Gwamnatin Tarayya ta soke tallafin karatu na yarjejeniya da ƙasashen waje. Ana iya yi wa waɗannan matakai ƙorafi, amma ƙofar da muka saba bi ta ƙuntata, kuma ba alamar za ta buɗe nan kusa. Wanda rajistarsa ke Kano ko Zariya ko Dutse, malamin da ke duba aikinsa yana gida, iyalinsa suna Kazaure, digirinsa ba zai fito ba sai ya dawo ya kare kundinsa, ba shi da dalilin ɓacewa kamar wanda ya yi shekara huɗu har 'ya'yansa suka shiga makaranta a can. Tsarin kuma ba sabo ba ne. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana ba masu digiri na uku da ke da rajista a ƙasashensu damar yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, hukumar DAAD ta Jamus ta daɗe tana ba da tallafin bincike na 'yan watanni, shi ma TETFund yana da tsarin tura masu digiri na uku a fannin kimiyya su yi aikin ɗakin gwaji na ɗan lokaci a wata jami'a.

Za a ce wata uku me zai koya wa mutum, ai kafin ya gane hanyar masallaci da inda ake sayar da abincin halal lokaci ya ƙare, sai ya dawo da hotuna da rigar sanyi. Wannan suka tana da gaskiya a kan wanda ya tafi hannu rabbana. Idan ɗalibi ya sauka a jami'ar da ba wanda ke jiransa, ba tambaya a kansa, ba alƙaluma a kwamfutarsa, to yawon buɗe ido ya je, kuma wata shida ma ba za su amfane shi ba. Amma wanda ya yi shekara guda yana tattara bayanai a tashoshin Kazaure da Babura, ya riga ya yi wasiƙa da malamin da zai karɓe shi, suka amince a kan abu ɗaya da za a yi, a ce zana taswirar ƙauyukan da suka fi kilomita 2 nisa da hanyar da ake bi rani da damina, wanda shi ne ma'aunin da Bankin Duniya ya fito da shi kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin muradun ci gaba, wannan ɗalibi wata uku sun ishe shi. Ba ilimin sufuri gaba ɗaya ya je koyowa ba, ya riga ya karanta shi a gida. Gwani ya je ya zauna kusa da shi da aikinsa a hannu, a nuna masa inda lissafinsa ya karkace, ya tsaya gaban mutanen da ba sa jin nauyinsa su yi masa tambayoyin da abokan karatunsa a gida za su ji kunyar yi. Saboda haka lokacin tafiyar ma yana da muhimmanci: tsakiyar karatu, bayan an gama aikin fili, kafin a fara rubutun ƙarshe.

Wasu kuma za su ce ai yanzu komai yana intanet, manhajar zana taswira kyauta ce, darussa suna YouTube, hotunan tauraron ɗan'adam kowa na iya saukewa. Haka ne, kuma ya kamata a ƙure wannan kafin a sayi tikitin jirgi. Ɗalibin da bai koyi abin da ake koya ta waya ba bai cancanci a tura shi ba. Sai dai bidiyo ba ya duba aikinka ya ce maka samfurin da ka ɗauka ya karkata domin duk waɗanda ka tambaya maza ne masu babur. Ba ya kai ka ofishin hukumar sufuri ka ga yadda ake zama da shugabannin direbobi a sasanta. Ba ya sa sunanka cikin waɗanda za a tuna idan ana neman abokin bincike daga Najeriya bayan shekara biyar. Ga kuma wutar lantarki da tsadar data da rashin damar shiga mujallun ilimi masu tsada, waɗanda duk wanda ya yi karatun digiri na biyu a jami'o'inmu ya san yadda suke cin lokaci.

Suka mafi nauyi ita ce abin da ake koya a Turai bai dace da mu ba. Ƙasar da jirgi ke tashi a kan minti, kowace mota da rajista, kowane haɗari da rahoto, me za ta koya wa mai nazarin hanyar da amalanke da tirela ke rabawa? Na yarda da rabin wannan magana, kuma shi ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka waje na nufin Ingila ko Amurka kawai. Nairobi da Kigali da Akara da Addis Ababa da jami'o'in Indiya sun fi kusa da matsalarmu, sun kuma fi araha. Kusa da duk waɗannan akwai Nijar. Babura da ƙasar Damagaram iyaka ce kawai tsakaninsu, kasuwannin yankin, har da ta dabbobi a Maigatari da ke ci ranar Alhamis, da mutanen ƙetare suke cika. Lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da lokacin da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, mutanen bakin iyaka ne suka ɗanɗana, kuɗin mota ya tashi, hanyoyin daji suka raya. Wanda zai fahimci sufurin Babura daga ɓangaren Najeriya kaɗai rabin labari zai samu. Wata uku a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, inda ɗalibi zai yi aikin fili da Hausa ya kuma tsinci Faransancin karanta rahoto, tafiya waje ce cikakkiya, ko da a mota aka je. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami tun 2023, Nijar ma ta fice daga ECOWAS, amma layin dogon a Maraɗi zai ƙare, kuma malaman jami'a sukan iya zama tare a lokacin da 'yan siyasa ba sa gaisawa. Sauran rabin maganar kuwa ban yarda da shi ba: auna gudun mota, da gano inda haɗari ya fi yawa, da lissafin abin da hanya za ta ci a gyara cikin shekara goma, duk ɗaya suke ko a ina, kuma inda aka fi ƙwarewa a kansu nan ya kamata a je.

Akwai mai cewa yankin da yara ke zaune a ƙasa a aji, asibiti ba likita, bai kamata ya kashe kuɗi a kan tikitin jirgin sama ba, a zuba su a hanyar kanta. Amma kuɗin da za a kashe wa ɗalibi ɗaya na wata huɗu bai kai ko kusa da na kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma kilomita ɗaya da aka shimfiɗa inda bai dace ba, ko kwalbatin da aka yi ƙarami ruwa ya tafi da shi a daminar farko, ya fi wannan asara nesa ba kusa ba. Ba kuma kuɗi kaɗai ake asara ba. A daren 15 ga Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, a masarautar Ringim da Babura ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Titin Kano zuwa Daura ya ratsa tsakiyar garuruwa, tirela da tanka na wucewa ta gaban masu tallar rake da 'yan makaranta. Sanin wace kwana ce ta fi cin rai, da wane lokaci, da me ya sa, aikin mai bincike ne. Haka ma maganar haihuwa. Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda, na biyunsu shi ne jinkirin isa asibiti. Jigawa na cikin jihohin da aka gwada shirin da direbobin ƙungiyar NURTW ke sa kai su ɗauki mai naƙuda cikin gaggawa, ga kuma shirin Haihuwa Lafiya na jiha. Minti nawa ake yi daga ƙauyukan Gwiwa zuwa babban asibitin Kazaure da tsakar dare a watan Agusta, tambayar sufuri ce, kuma amsarta ce za ta nuna inda ya kamata a ajiye mota.

Wannan ya kawo mu ga wa za a tura, inda nake ganin shirin zai tsaya ko ya faɗi. Mun san yadda guraben tafiya waje ke ƙarewa a hannun 'ya'yan wane da wane, kuma gajeriyar tafiya ta fi saurin zama kyautar siyasa domin ba ta da jarrabawar ƙarshe da za ta tona asiri. Maganinsa a sa sharaɗin da alfarma ba ta iya sayensa: mai nema ya kawo alƙaluman da ya tattara, da takardar malaminsa na gida, da takardar malamin da zai karɓe shi, a tantance a bainar jama'a, a buga sunaye da batun binciken kowa. A kuma ware gurabe ga mata da gangan. Ba don ado ba. Matar aure a ƙauyen Roni ba za ta zauna ta faɗa wa baƙon namiji sau nawa ta fasa zuwa awo saboda kuɗin babur ba, ko yadda take ji idan za ta hau bayan wanda ba muharraminta ba, amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace. Idan masu binciken duk maza ne, rabin matafiyan yankin ba za su shiga lissafi ba. Gajeriyar tafiya kuma ta fi yiwuwa ga mace mai aure da yara fiye da ta shekara uku, domin wata uku abu ne da miji da iyaye za su iya shiryawa.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ɗalibi zai iya kwasar bayanan da direbobi da 'yan kasuwa suka ba shi da amana, ya kai wa farfesan waje, a buga maƙala da Turanci a mujallar da ba mai karanta ta a Jigawa, sunansa na uku a jeri, shi ke nan. Wannan ma fitar da ɗanyen kaya ne. Dole a rubuta tun farko cewa alƙaluman mallakar jami'ar gida ne, a ajiye kwafinsu a Babura ko Kazaure inda ɗalibi na gaba zai ɗora a kai, kuma a ɓoye sunan duk direban da ya yi maganar abin da yake bayarwa a shinge.

Ba sai an kafa sabuwar hukuma ba. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, wadda ta saba tura ɗaliban likitanci ƙasashen waje, za ta iya ware gurabe kaɗan a shekara, ko da huɗu ne ko biyar. Ma'aikatar ayyuka da ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura su kawo tambayoyin da ke damunsu, jami'ar Babura da kwalejin Kazaure da jami'ar Daura da cibiyar Zariya su raba aikin dubawa, masarautu su buɗe wa ɗalibai ƙofar hakimai da dagatai. Wanda ya dawo kuma kada a biya shi kason ƙarshe na kuɗinsa sai ya yi abu biyu. Ya rubuta taƙaitaccen rahoto da Hausa, shafi huɗu ko biyar da taswira, ya kai wa shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli kafin a zauna tsara kasafin shekara mai zuwa. Sannan ya koma tashar da ya fara zama, a tara direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaɓa da shugabannin kasuwa, ya karanta musu abin da ya samo, su gyara masa inda ya yi kuskure, a rubuta gyaran a cikin kundin kafin ya kare shi.